Allah na kusa: Kiristocin karkarar Maraɗi tsakanin rumbu da kututture

Babbar hanyar kwalta mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, tana ratsa Gidan Runji da Tsibiri kafin ta iso Maraɗi, sa'an nan ta miƙe gabas ta bi ta Agye da Gazawa. Direbobin manyan motoci, da ƴan kasuwa, da ma'aikatan da gwamnati ta yi wa canjin wurin aiki, duk sun san ta kamar yunwar cikinsu. Sun san inda kasuwa take ci kowace rana, sun san inda jandarmomi suke tsayawa. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne ƴan ƙananan majami'u na laka da rufin kwano, waɗanda ke maƙale a gefen wasu garuruwa da ƙauyuka na wannan yanki, wani lokaci babu wata alama a kansu sai giciyen katako bisa ƙofa.

Mutanen da ke shiga waɗannan ɗakuna ran Lahadi ba baƙi ba ne. Hausawa ne, Gobirawa da Katsinawa, manoma masu noman hatsi da dawa da wake da gyaɗa kamar maƙwabtansu, kuma da yawansu suna da ƙane ko baffa ko suruki Musulmi a cikin gari guda. Yawansu bai taka kara ya karya ba: ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristocin Nijar baki ɗaya kamar mutum 3 ne cikin kowane 1000. Amma sun kusa shekara ɗari a wannan ƙasa, kuma daga cikin aikin mishan ɗinsu ne wata dabarar noma ta fito, wadda ta canza fuskar gonakin jihar Maraɗi. Wanda yake son gane yadda haka ta faru, sai ya fara da abin da suke faɗi game da Allah. Maganar tasu gajeriya ce: Allah na kusa, kuma Allah mai alheri ne. Faɗin haka ba shi da wuya ga wanda albashinsa ke zuwa ƙarshen wata. A ƙasar da damana ɗaya ke yanke wa gida hukuncin shekara guda, maganar tana da nauyi dabam.

Kalma guda, fahimta dabam-dabam

Idan aka gai da Kirista Bahaushe da aiki, amsarsa ba ta bambanta da ta Musulmi ba: aiki da godiya. In za a yi sallama ya ce in Allah ya kai mu. Lokacin da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya ja gaba tare da wasu, sunan Allah aka riƙe, ba a ƙago wani ba. Haka kalmomin albarka, da zunubi, da tuba, da annabi, da sujada, duk daga rumbu guda aka ɗebo su. Saboda haka mai wucewa ta bayan majami'a zai ji rabin abin da ake faɗi kamar ya saba jinsa.

Inda hanya ta rabu shi ne batun kusanci. Masanan da suka yi nazarin addinin Arna na kwarin Maraɗi, musamman Bafaranshe Guy Nicolas a shekarun 1960 da 1970, sun bayyana cewa Arna ba su musun Allah. Sun san shi ne mahalicci, amma a ganinsu ya yi nisa da sha'anin gona da ciwo da haihuwa. Na kusa su ne iskoki, su ake yi wa yanka, su ake roƙo a buɗin daji, su ake lallashi in yaro ya kwanta. A Tsibiri kanta, fadar Gobir da aka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sarautar Inna, uwar ƴan bori, tana nan kusa da ta Sarki. Musulunci ya zo ya koyar cewa Allah yana ji, yana gani, yana kusa da bawansa, ba ya bukatar tsani. Kiristoci sun yarda da wannan, sa'an nan suka ƙara abin da Musulmi ba su yarda da shi ba: cewa Allah ya kusato har ya zauna cikin mutane a jikin Yesu Almasihu, ya ji yunwa, ya ji gajiya. Shi ya sa suke sa wa ƴaƴansu suna Immanuwel, wato Allah yana tare da mu, shi ya sa kuma suke kiran Allah Uba a cikin addu'a. Wannan kalma ta Uba ita ce ta fi kowace tayar da gardama tsakaninsu da malamai, kuma gardamar ba ta ƙare ba.

Akwai wata kalma da ta cancanci ɗan kasuwa ya tsaya a kanta, wato alheri. A bakin kasuwa alheri shi ne abin da mai hali ya miƙa wa wanda bai yi masa aikin komi ba. Ba lada ba ne, ba bashi ba ne, ba riba ba ce. Masu fassara sun ɗauki wannan kalma suka ba ta babban matsayi: da ita ake faɗin yadda Allah yake karɓar mutum ba don cancantarsa ba. Bahaushe ya san cewa alheri danƙo ne, ya kuma san wanda aka yi wa alheri yana da nauyin godiya a wuyansa. Rayuwar Kirista ta kullum a karkara, in aka taƙaita ta, ƙoƙarin sauke wannan nauyi ce.

Daga Tsibiri aka fara

Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda aka kafa a 1893, ta shigo Nijar daga Najeriya. Ta fara zama a Damagaram a 1924, sa'an nan a ƙarshen shekarun 1920 ta kafa tasha a Tsibiri, cikin gundumar Gidan Runji ta yanzu. Turawan mulki na Faransa ba su saki jiki da su ba, domin ga su masu jin Ingilishi, ga shi sun fito daga ƙasar da Ingila ke mulki. Jama'ar gari kuwa abin da ya fara jan su ba wa'azi ba ne, magani ne. Mai gyambo, mai ciwon ido, mace mai naƙuda, su ne suka fara taka ƙofar mishan. Daga baya aka buɗe asibitin Galmi a 1950, da gidan jinyar kutare na Danja, kudu da Maraɗi, a 1956. Kuturu a wancan zamani mutum ne da ko danginsa ke ware masa ƙwarya. Wanda ya ga an kama hannunsa an wanke ba tare da ƙyama ba, ba ya bukatar dogon bayani kan abin da ake nufi da kusancin Allah. Mafi yawan waɗanda aka yi wa magani sun koma gida da addininsu na da, wasu kaɗan suka zama masu bi, kamar yadda Kiristocin farko suke kiran kansu.

Da samun mulkin kai, masu bin nan suka tsai da ikilisiyarsu ta ƴan ƙasa, wadda aka sani da EERN. Tana da makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a Agye, inda ake horar da masu bishara da fastocin karkara da harshen Hausa, kuma lakwal ɗin mishan ta Tsibiri ta yaye yara da dama da suka zama ma'aikata. Tarihin nan ba madara zalla ba ne. An yi ta ja-in-ja tsakanin Turawan mishan da ƴan ƙasa kan ilimin boko da kuɗi da shugabanci, kuma daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990 ikilisiyar ta dare, waɗansu suka fita suka kafa nasu ƙungiyoyi. Baturiyar Amurka Barbara Cooper ta rubuta littafi guda a kan wannan tarihi a 2006, ba ta kuwa rufa wa kowane ɓangare asiri ba. Su ma ƴan Katolika suna yankin, har Maraɗi ta samu bishop nata a 2001, sai dai yawancin mabiyansu a birane suke.

Shekarar majami'a, shekarar gona

Fasto a ƙauye manomi ne kafin komi. Abin da jama'arsa ke iya ba shi bai isa ya ci da gida ba, don haka shi ma yana duban gabas da la'asar kamar kowa, ya ga ko hadari ya haɗu. Wannan ya sa addu'ar majami'ar karkara ba ta yin nisa da ƙasa. Da bazara ana roƙon ruwan shuka. Cikin Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma tiyar hatsi ta hau, ana roƙon abincin yini, wanda dama yana cikin addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa. Da kaka ana yin sujadar godiya, kowa ya kawo abin da gona ta ba shi: wannan damin hatsi, wancan kwanon wake, wata kaza, wani gyaɗa. Zakka ma, da wannan sunan suke kiranta, kashi ɗaya cikin goma, sau da yawa da dami ake fitar da ita, ba da takardar kuɗi ba. Daga abin da aka tara ake tallafa wa fasto, da gwauruwa, da baƙo.

Mata ne ƙashin bayan wannan sha'ani. Ƙungiyar Zumuntar Mata, wadda ta yaɗu daga majami'un Arewacin Najeriya, ita ce ke zuwa barka da gaisuwar mutuwa, ita ke haɗa gudummawa in an kwantar da wata a gidan likita, ita ke cika majami'a da waƙa da kiɗan tulu. Sunayen da suke raɗa wa ƴaƴa mata kansu wa'azi ne: Alheri, Godiya, Salama, Haƙuri. Uwar da ta binne ƴaƴa biyu sa'an nan ta sa wa ta uku Godiya, ta faɗi abin da ta gaskata ba tare da ta hau mumbari ba.

Mai shakka zai ce duk wannan lallashin zuciya ne, talaka ya rasa abin yi ya jingina da sama. Zargin ba sabo ba ne, kuma ana yi wa Musulmi irinsa. Amma akwai wani al'amari da ya faru a gonakin wannan jiha wanda zargin bai iya haɗiye shi ba.

Dajin da ke ƙarƙashin ƙasa

A farkon shekarun 1980 karkarar Maraɗi ta zama fili fetal. Noman gyaɗa na zamanin Turawa ya cinye daji, farin 1973 da 1974 ya kashe abin da ya rage, jama'a ta ƙaru, birni yana cin itacen girki kamar wuta. Malaman gona sun koya wa manomi cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas, babu ko tsiro. Doka kuma ta ce itace na gwamnati ne: manomin da ya sare reshe a gonarsa yana iya gamuwa da tarar ma'aikatan gandun daji. To wa zai yi renon abin da ba nasa ba, wanda kuma zai iya jawo masa tara? Sai kowa ya gwammace ya kawar da tsiro tun yana ƙarami. Sakamakon haka iska ta samu hanya. Manomi ya yi shuka, rairayi ya binne ta ko ya yanke ta, ya sake, wani lokaci har sau uku ko huɗu a damana guda. Mata suna tafiyar sa'o'i neman itace, in sun rasa su ƙona kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki.

A 1981 wani saurayi masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya iso Maraɗi da matarsa a ƙarƙashin SIM. Aikin da aka ba shi shi ne dashen itatuwa, irin wanda manyan ƙungiyoyi suka zuba wa miliyoyi a duk faɗin Sahel. Ana renon ƴan itatuwa a leda, a kai ƙauye, a dasa. Rana ta ƙone wasu, awaki su ci wasu, gara ta gama da sauran. Mafi yawansu ba su kai shekara ba. Manoma kuwa ba su ga dalilin ba da gonarsu ga abin da ba a ci ba, har wasu suka ɗauke shi mahaukaci.

Shi da kansa ya sha ba da labarin abin da ya faru a 1983, ya kuma rubuta shi a littafin tarihin rayuwarsa. Yana tafe da mota ɗauke da dashe, sai ya tsaya don ya rage iskar tayoyi saboda rairayi. Ya duba gabas da yamma, kudu da arewa, babu itace sai ɗai-ɗai, ya tabbata ko shekara nawa zai yi ba zai rufe wannan fili da dashe ba. Nan ya yi addu'a: ya roƙi gafara saboda yadda mutane suka lalata kyautar da Allah ya ba su, ya roƙi a buɗe masa ido ya ga abin yi. Sai hankalinsa ya kai kan wani ɗan kurmi a bakin hanya, irin wanda ya wuce dubbai bai kula ba, yana zaton ciyawar daji ce. Da ya matsa ya dubi ganyen, sai ya ga itace ne. Kututturen bishiyar da aka sare ne yake tohowa, saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Kuma irinsa miliyoyi ne a gonaki: sabara, kalgo, geza, taramniya, magarya, aduwa. Kowace shekara suna tohowa, kowace shekara ana sassabe su a ƙone kafin shuka.

Dabarar da ta fito daga nan ba ta bukatar leda, ko rijiya, ko mota. Manomi ya zaɓi kututture, ya bar rassa ƙarfafa kaɗan, daga ɗaya zuwa biyar, ya datse sauran, ya yi wa waɗanda ya bari aski daga ƙasa, ya kare su daga dabba da mai gatari. Da yake saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga laima, reshen yana girma da saurin da dashe ba zai taɓa yi ba. Manoma suka raɗa mata suna sassaben zamani.

Da farko mutum goma sha kaɗan ne suka yarda suka gwada, maƙwabta suna yi musu dariya, ɓarayin itace suna bi da dare. Sai ga yunwar 1984, wadda mutanen Maraɗi suka sa wa suna El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da Janar Buhari ya yi. A watan Mayun wannan shekara ce gwamnatin Seyni Kountché ta kira babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi. Mishan ta shiga rabon abinci a ƙauyuka wajen ɗari, ta kuma gindaya sharaɗi: mai son hatsi ya bar itatuwa a gonarsa. Ta haka aka tsirar da itatuwa kusan 500.000. Da yunwa ta wuce aka daina rabo, sai manoma suka sare wajen kashi biyu cikin uku. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin abin da aka karɓa don ciki ba a karɓe shi don zuciya ba, kuma haɗa taimakon mai yunwa da sharaɗi abu ne da har gobe ake iya tuhuma. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga abin da ya biyo baya: iska ta rage binne shuka, ganye ya zama taki, dabbobi sun samu abin ci da rani sun bar kashi a gona, mata sun samu itace a bakin ƙofa, hatsi kuma bai ragu ba. Daga nan maganar ta fita daga hannun mishan, ta bi kasuwa-kasuwa daga bakin manomi zuwa kunnen manomi.

Bayan shekara ashirin, masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada hotunan sama na da da na yanzu, suka kuma taka ƙasa. Ƙiyasinsu shi ne gonaki wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar sun sake yin itatuwa, kimanin itace miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

Gaskiya ta wajaba a nan. Ba Bature guda ne ya shuka itace miliyan 200 ba, shi ma bai taɓa cewa haka ba. Barin gawo a gona tsohuwar al'ada ce, sarakunan Damagaram sun kare shi da doka mai tsanani tun kafin zuwan Turawa, kuma yawancin farfaɗowar da aka gani a wajen Magarya da Matamai manoma ne suka yi abinsu. Ruwan sama ya ɗan dawo bayan shekarun fari. Rikicin siyasa da talaucin baitulmali na shekarun 1990 sun rage ƙarfin ma'aikatan gandun daji a karkara, manomi ya fara jin itacen gonarsa nasa ne. Dokar daji ta 2004 ta sassauta, sa'an nan a watan Yulin 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta amince wa manomi da amfanin itacen da ya rena. Kusan duk waɗanda suka yi wannan aiki Musulmi ne, kuma Musulmi suka ci gaba da zama.

To ina ruwan wannan da bangaskiya? Kiristocin yankin suna karanta labarin ta wata fuska da ta dace da abin da suka daɗe suna faɗi. An roƙi Allah, amsar ba ta zo cikin jirgin sama daga Turai ba, ba ta zo da kuɗi ba. Tana nan ƙarƙashin tafin ƙafa tun kafin a yi roƙon, ana tattaka ta, ana cinna mata wuta kowace bazara. Abin da aka rasa ido ne. Kuma alherin bai tambayi addinin mai gona ba. Musulmin da ya ji wannan bayani ba ya rasa abin cewa, domin shi ma ya san arzikin Allah ba ya ƙarewa, kuma ya san dasa itace sadaka ce mai gudana. A wannan gaɓa malam da fasto suna iya zama inuwa guda.

Gwajin 2005

A gundumar Agye aka fi ganin yadda abin ya kafu. Ƙauyen Ɗan Saga ya yi suna har a ƙasashen waje: da tallafin asusun FIDA, mutanen garin suka kafa kwamitin tsaron itatuwa wanda ya haɗa maza da mata da Fulani makiyaya, suka sa dokokinsu, suka shirya sayar da itace ta hanyar da ba za ta cinye jari ba. A Gazawa, wadda aka cire daga Agye ta zama gunduma a 2011, gorubar Gulbin Kaba ita ce ke ba mata kabar saƙa tabarma da igiya.

Sai dai itace bai hana 2005 zuwa ba. Fari da fara sun taɓa amfanin 2004, hatsi ya bi kuɗi ya tsallaka iyaka, farashin buhu ya ninka, talaka yana ganin abinci a kasuwa ba shi da abin saye. Jihar Maraɗi, rumbun ƙasa, ita ce ta zama cibiyar masifar. Likitocin MSF sun yi jinyar yara sama da 60.000 masu tamowa mai tsanani a Nijar a wannan shekara, mafi yawa a nan, yayin da shugaba Mamadou Tandja yake cewa babu yunwa. Gidajen Kiristoci sun yi makoki kamar gidajen Musulmi. Abin da aka lura shi ne gidan da ke da itatuwa yana da abin sayarwa: itacen girki, da ganye, da ƴaƴan itace, da abincin dabba, a sayi tiya ɗaya ko biyu a kai gobe. Bambancin ƙarami ne a takarda, amma a cikin watan Agusta shi ne tsakanin zama gida da tafiya bara.

Irin wannan shekara ce ke tona asirin wa'azi. Tun shekarun 1990 sababbin majami'u suka shigo birane, yawanci da salon Najeriya, wasunsu suna koyar cewa alamar alherin Allah ita ce arziki da lafiya, wanda ya ba da baiko mai yawa zai girbe mai yawa. Wannan magana tana da daɗi a kunnen matashi da ɗan kasuwa, musamman bayan karyewar darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da ma'aikata ke yin watanni ba albashi. Tsofaffin masu bi na karkara ba su cika sakin jiki da ita ba, kuma suna da hujja. In arziki ne ma'aunin kusancin Allah, to Allah ya yi nisa da Agye a 2005, ya koma unguwannin masu kuɗi. Su abin da suka riƙe shi ne Almasihun da suke bi ya sha wuya da kansa, saboda haka wuya ba shaidar an yashe mutum ba ce. Za a iya ƙin yarda da wannan tauhidi, amma ba za a ce bai san yunwa ba.

Zama da maƙwabta

Akwai wani gwajin da ba na ciki ba. A watan Nuwamban 2000, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi, aka kai wa wuraren Kiristoci hari. A Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, aka yi asarar rayuka. A Yunin 2019 aka cinna wa wata majami'a wuta a birnin Maraɗi bayan kama wani limami, ko da yake limamin da kansa ya yi kira a kwantar da hankali. Duk waɗannan a birni suka faru. A ƙauye, inda kowa ya san kakan kowa, abin ya fi zuwa da sauƙi ta wata fuska, ya fi ciwo ta wata: ba a ƙona ɗaki, amma wanda ya bar addinin gidansu yana iya rasa matar aure, ko gadon gona, ko mai cin abinci tare da shi. Duk da haka ana aika wa juna naman Layya da abincin Kirsimeti, ana zuwa jana'izar juna, kuma rijiya guda ake ja.

Tun 2019 wata sabuwar masifa ta sauka a kan gundumar Gidan Runji. Ƴan bindigar da suka addabi Sakkwato da Zamfara da Katsina sun koro dubban mutane zuwa wannan gefe, har hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasu a wurare irin su Shadakori, nesa da iyaka. Su ma ƙauyukan bakin iyaka ba su tsira daga satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa ba. Ɗan bindiga ba ya tambayar ko mai gona Bitrus ne ko Abubakar. Akwai gonakin da aka daina zuwa, akwai kasuwannin da suka rage ci, kuma rufe iyaka da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya ƙara wa ƴan kasuwa nauyi har zuwa farkon 2024.

Baƙin da suka zo suna bukatar itacen girki da na kafa bukka, kuma itacen da ke kusa shi ne wanda manoma suka yi shekaru suna reno. A garuruwan da suka karɓi baƙi, wannan ya zama sabuwar magana tsakanin mai gari da manoma da makiyaya: wa zai sara, reshe nawa, a gonar wa.